69: labarin cikin da na rasa a azumin 2022

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan da za su daure su karanta har ƙarshe. Na daɗe ina son in rubuta wannan abu amma duk sanda na ɗau waya sai in ji ƙirjina yayi nauyi in ajiye. Yau dai nace ko ta halin ƙaƙa sai na rubuta, saboda satin da ya wuce wata maƙociyarmu tayi ɓari, naje dubiya, ina zaune naji ana faɗa mata irin maganganun da aka faɗa min sak, har da na aljani, wallahi sai da na fita waje nayi kuka.

Ni malamar firamare ce a Kano, ina da 'ya ɗaya lokacin, ta kai shekara huɗu ban sake samun ciki ba, kuma duk wacce take gidan miji ta san abin da shekara huɗu shiru take jawowa mace a wajen dangi. To a farkon 2022 Allah ya kawo rabo. Murna a gidanmu ba a magana, surukata Hajiya har sadaka tayi. Amma tun wata na biyu na san cikin nan daban yake da na fari. Laulayi kam na san laulayi, wannan ya wuce laulayi, ko ruwa na kurɓa sai ya dawo, amai safe rana dare, zuciyata na bugawa fat fat kamar nayi gudu alhali a kwance nake, hannuna na rawa, zufa ko da asuba. Azumi ya kama a watan Afrilu ga zafin Kano, ko ɗaya ban iya yi ba. Kowa sai yace min ai namiji ne shi yasa yake wahalar da ke, wasu suce tagwaye ne, nima na riƙe hakan a raina don in samu ƙarfin gwiwa.

Sai jini ya fara ɗiga, baƙi-baƙi, yau ya zo gobe ya ɗauke. Maigida ya kai ni wani ɗan ƙaramin asibiti kusa da mu, ba su yi min sikanin ba, allura suka min da wasu ƙwayoyi sukace ciki ne yake barazanar fita in je in kwanta. Na kwanta sati uku cur. A sati ukun nan babu abin da ban sha ba, rubutu, tofi, jiƙe-jiƙe, hayaƙi kuwa har kayan ɗakina suka koma warinsa. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi kuma da ita na tsira, abin da yake min ciwo shine sati ukun da aka ɓata babu wanda ya leƙa ya ga me ke cikin mahaifar.

Ranar da jinin ya ɓalle sosai ana saura kwana kaɗan sallah. Na shiga banɗaki na ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki sun fito tare da gudan jini, wallahi abin da suka tuna min ƙwan kwaɗi na bakin kududdufi da damina. Na ƙwala wa Hajiya kira ta zo ta gani, ta yi salati ta ja da baya, tace 'yar nan wannan ba ɗan mutum ba ne, an shiga tsakaninki da cikin nan. Kafin la'asar magana ta zagaye dangi cewa aljani ya sha cikin, wata gwaggon maigida tace dama mai namijin dare haka take, ba ta riƙe ciki. Maigida dai bai ce komai ba, mota ya nemo muka tafi babban asibitin koyarwa.

A can ne aka min sikanin na farko, ciki ya kai sati goma sha huɗu. Mai sikanin ya daɗe yana juya abin nan a marata bai ce uffan ba, sannan ya kira wata likita. Ita ce ta juyo min da allon tace Maman yarinya ki daure ki kalla. Na ga ɗan tayi ɗan ƙarami a gefe guda, babu motsi babu bugun zuciya, sai mabiyiya ta cika wajen tayi ƙatuwa da ramuka-ramuka a jikinta kamar saƙar zuma. Tace jaririn ya riga ya koma, kuma suna zargin abin da suke kira cikin mola ne, dole a min wankin ciki a ɗakin tiyata da jini a ajiye a kusa don irin wannan yana zubar da jini sosai. Aka auna hawan jinina ya hau, ni da ban taɓa hawan jini ba. Aka ɗebi jini aka auna sinadarin ciki da ake kira hCG, wato shi wannan da yake sa tsinken gwajin fitsari ya nuna layi biyu, nawa ya haura 100,000. Tace shine yake sa ni aman nan da bugun zuciya, don in yayi yawa har wata 'yar tsoka da ke maƙoshi da ake kira thyroid yake tayarwa ta riƙa aiki fiye da ƙima.

Washegari akayi wankin, an ƙara min jini leda biyu. Abin da aka kwaso ba a zubar ba, aka sa a roba da wani ruwa aka ba maigida ya kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Don Allah duk wacce akayi wa wankin ciki ta tambaya ko an kai abin gwaji, don da an zubar da nawa da ban taɓa sanin sunan ciwona ba.

Bayan sati biyu muka koma karɓar sakamako, kuma wannan zaman da likitar nan shine dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Na shiga ofishinta idona ya kumbura, kafin ma ta buɗe takarda nace likita don Allah ki faɗa min gaskiya, me nayi? Na ɗau ruwa ne? Maganin da na sha ne? Ko wani abu ne a jikina? Ta ajiye biro tace min tunda ke malama ce bari in miki lissafi. Ta jawo bayan wata takarda ta rubuta 23, ta rubuta wani 23 a ƙasansa, ta ja layi ta rubuta 46. Tace ƙwayar halitta ta jikin mutum a cikinta akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, a cikinsu aka rubuta duk yadda mutum zai kasance, kuma guda 46 ne, saiti biyu, saiti ɗaya mai 23 daga ƙwan uwa, saiti ɗaya mai 23 daga maniyyin uba. Na tuna mun taɓa haddace 46 ɗin nan a makaranta don cin jarabawa, ban taɓa zaton wata rana zai shigo rayuwata ba.

Sai ta koma sama ta ƙara wani 23 na uku, ta ja layi ta rubuta 69. Tace wannan shine cikinki. A ƙa'ida da zarar maniyyi ɗaya ya shiga ƙwai sai ƙwan ya rufe ƙofa, babu mai sake shiga. To wani lokacin sai guda biyu su faɗa tare kafin ƙofar ta rufe, sai ya zama saiti uku maimakon biyu, ɗaya na uwa biyu na uba. Tace tun daren da cikin ya shiga, tun kafin ke kanki ki san kina da ciki, lissafin ya riga ya tashi a 69, kuma ɗan adam baya rayuwa da 69. Yawanci a watannin farko suke fita, ƙalilan ɗin da suke kaiwa haihuwa ma awoyi ne ko 'yan kwanaki. Da kin kwanta a gado wata tara ko yatsa baki ɗaga ba, da babu abin da zai canza.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da naji ba. Kuka nayi sosai amma ba irin kukan da na kwana biyu ina yi ba, wani dutse ne aka ɗauke min daga ƙirji. Sati biyar ina tuhumar kaina, ina ƙirga duk bokitin da na ɗauka da duk ranar da na hau adaidaita a hanya mai gargada, ashe abin an gama shi tun farko a wajen da hannun kowa baya kaiwa sai na Allah.

Maigida da yake zaune shiru sai yace likita to kenan matsalar daga ni take, tunda kin ce biyun nawa ne? Naji muryarsa ta canza. Tace a'a Malam, maniyyinka lafiyayye ne, kowanne 23 ɗinsa ya ɗauko daidai, ƙwanta ma 23 ne daidai, haɗuwar ce ta zo a haka, kuma yana faruwa a ko'ina a duniya, a cikin ciki ɗari da suka shiga ana samun ɗaya zuwa uku masu saiti uku, mafi yawansu su fita a matsayin ɓari ba tare da kowa ya san dalili ba. Ta ƙara da cewa kusan rabin ɓarin da mata suke yi a wata ukun farko matsalar kuromosom ce. Rabi fa! Ku tuna mata nawa aka zaga, aka ce sakaci ne, aka ce kishiya ce, aka ce maita ce.

Zan faɗi wani abu da ban ji daɗin kaina a kai ba. A hanyar komawa gida shaiɗan ya riƙa raya min in je in ajiye wa Hajiya takardar nan ince to ga shi, ƙarin daga wajen ɗanki ya fito. Har na shirya kalmomin a bakina. Amma da na kalli maigida yana tuƙi idonsa ja, na ga in nayi haka na ɗora masa irin kayan da aka ɗora min ne, kuma shima ƙarya ce. Ban faɗa ba, har yau Hajiya bata san wannan ɓangaren ba.

Likitar ta kuma yi min bayanin me yasa mabiyiyar tayi girma haka. Wai saitin uba shi yafi tura girman mabiyiya, in ya zama biyu sai ta kumbura tayi ƙullutun ruwan nan, shine ake kira rabin mola, irin nawa kenan. In kuma ƙarin saitin daga uwa ne sai mabiyiya ta tsuke ƙarama jariri ya tsumbure. Akwai kuma cikakken mola wanda shi abin mamaki 46 ne cif, amma duka na uba ne, ƙwan ya zo babu komai a cikinsa sai saitin maniyyi ya ninka kansa, a irin wannan babu jariri kwata-kwata sai ƙullutu zalla cike da mahaifa. Wato ko adadin ya cika sai an samu ɗaya daga nan ɗaya daga can. Na daɗe ina tunanin wannan, Allah mai hikima.

Na tambaye ta game da ɗan wata 'yar uwarmu mai lalurar Down, ko shima irin haka ne. Tace shi 47 ne, zare ɗaya tak ya ƙaru a lamba ta 21, shi yasa ake haifarsu su rayu su girma suyi makaranta in sun samu kulawa. Nawa kuwa saiti guda sukutum ne ya ƙaru.

Na zaci an gama, ashe wahalar tana gaba. Tace cikin mola ba kamar sauran ɓari ba ne da za a wanke ki tafi. Wani lokacin ɓurɓushin mabiyiyar yana maƙalewa ya ci gaba da girma ya ci bangon mahaifa, har ya iya komawa ciwon daji ya tafi huhu. A cikakken mola mace goma sha biyar zuwa ashirin cikin ɗari sai sun sha maganin daji, a rabin mola bai kai biyar cikin ɗari ba, amma babu mai iya duban fuska ya gane wacece a ciki. Hanya ɗaya ce, a riƙa auna hCG a jini har ya sauka ƙasa da 5 ya zauna a nan. Kuma kada in kuskura in ɗau ciki a wannan lokacin, don sabon ciki shima yana ɗaga hCG, sai a rasa gane ciki ne ko ciwo ne yake dawowa. Tace in ba ta wata shida, ta rubuta min ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Wata shida, ga mace mai 'ya ɗaya da aka riga aka fara yi wa mijinta maganar ƙarin aure a gaban idonta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin tsinken gwaji ne. Kusan wata ɗaya bayan wankin, gwaggon nan ta zo da tsinke daga kemis ta matsa sai na gwada don wai ta ga alamar ciki a fuskata. Na gwada don a zauna lafiya, sai ga layi biyu. Habawa, gida ya ɗauka, ai dama mun faɗa cikin yana nan kwanciya yayi, likitoci basu san kwantaccen ciki ba, a nemo maganin tayar da shi. Ni kaina wallahi na ɗan lokaci zuciyata ta so ta yarda, wa zai ƙi ace ɗansa yana nan? Da daddare na ɗauko takardun gwajina na jera su akan gado, lambar tana sauka sati bayan sati, daga dubbai ta dawo ɗaruruwa, na gane ragowar sinadarin ne tsinken yake gani. Da safe nace wa Hajiya, Hajiya kiyi haƙuri ba zan sha komai ba sai likita ta sallame ni. Ranar ne karo na farko da na taɓa musa mata magana tun da aka kawo ni gidan. Bayan kwana biyu ta ga ƙwayoyin tazarar a jakata, wannan kam sai da maigida ya tsaya, yace Hajiya ni na siyo da hannuna, ranta ake nema a tsare. Tayi wata guda bata amsa gaisuwata da baki sai da kai.

Duk sati ina layin ɗakin gwaji tun bakwai na safe kafin in wuce makaranta, kuɗin gwajin ma ba ƙarami ba ne, sai da na siyar da ɗan kunnena na aure. Akwai satin da lambar ta ƙi sauka sosai, kusan inda take ta tsaya, satin nan ban yi barcin kirki ba, likita tace mu ƙara gani, sati na gaba Alhamdulillah ta faɗo. A sati na tara aka rubuta min ƙasa da 5. Na rungume takardar a bakin taga ina hawaye mutane na kallona.

A watannin jiran nan na zama kamar mai neman digiri a kan abin nan, kullum ina waya ina karatu. A nan na ga cewa sai a 1956 ma aka tabbatar mutum 46 gare shi, wasu masu bincike biyu Joe Hin Tjio da Albert Levan a garin Lund na ƙasar Suwidin, kafin nan sama da shekara talatin littattafai 48 suke rubutawa. Ƙanena da yake karatun aikin gona a Samarun Zariya da na bashi labari yace Yaya ai mu a wajen tsirrai wannan abin alheri ne, ayabar da muke ci saiti uku gare ta shi yasa bata da ƙwallo sai dai a dasa 'ya'yanta, gyaɗarmu saiti huɗu ce kuromosom 40, alkamar burodi saiti shida 42. Na riƙe ayaba a hannu ranar ina kallonta, abin da ya zama sanadin rasa ɗana shine ya sa ta zama abinci mai daɗi. Tsiro yana ɗauka, jikin mutum baya ɗauka.

Akwai wata baiwar Allah da muka kwanta gado kusa da juna lokacin wankin, daga wani ƙauye aka kawo ta, yarinya ce bata kai ashirin ba, nata cikakken mola ne. An mata bayani kamar yadda aka min, ta zo gwaji sau biyu na daina ganinta. Mijin yace kuɗin mota da na gwaji sunyi yawa kuma ai ta warke tana aikinta. Bayan wata bakwai, ranar da naje a sallame ni gaba ɗaya, na gan ta akan keken marasa lafiya ta rame kamar ba ita ba tana tari da jini, uwarta tace wata uku suna maganin tarin fuka. Ciwon ne ya tafi huhu. Na riƙe hannunta na rasa abin faɗa. Likitar tace min kar in yanke ƙauna, irin wannan dajin yana cikin waɗanda suka fi jin magani ko da ya bazu, sai dai yanzu magani mai ƙarfi za ta sha na watanni, alhali da an kama shi a lambar jini tun farko wataƙila da allurar wani maganin daji mai suna methotrexate kaɗai ta isa.

Na sake samun ciki a tsakiyar 2023. An faɗa min yiwuwar mola ya maimaita kusan ɗaya ne cikin ɗari, amma tsoro baya jin lissafi, ban faɗa wa kowa ba sai maigida har sai da akayi sikanin a sati na takwas. Mai sikanin ya ƙara sautin na'urar, naji bugun zuciya da sauri da sauri, maigida ya sunkuyar da kai yana ta hamdala. Na haifi ɗa namiji lafiya, Hajiya ce ta fara masa wanka.

Sati shida bayan haihuwa likita ta tura ni in sake auna hCG sau ɗaya. Ina layi da jariri a baya wani ya taɓa kafaɗata, na juya sai ga yarinyar nan tsaye da ƙafarta, tayi ƙiba kaɗan, ta zame ɗankwali ta nuna min gashinta da ya fara tsirowa tana dariya. Ta gama shan magani, yanzu gwajin wata-wata take zuwa, babanta ne ya siyar da akuya biyu yake kawo ta da kansa. Tace Anti kawo in riƙe miki shi ki shiga, na kwance goyon na miƙa mata na shiga aka ɗebi jinina.